Yadda ake gane irin akwatin giyar hannu a tsofaffin motocin Golf

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan gyara neman akwatin giyar Golf, wanda makanikai ke kira giyabos, ya san maganar da ake yawan tarbarsa da ita: ai giyar Golf ce, duk ɗaya ne, je ka ɗaura. Wannan magana ta jawo wa mutane da yawa asarar kuɗi da wahalar banza. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar da Golf ta farko a 1974, ta biyu a 1983, ta uku kuma a 1991, kuma a tsawon waɗannan shekaru ya yi amfani da dangi uku na akwatin giyar hannu, wato 084 da ɗan'uwansa 085, sai 020, sai 02A. A cikin kowane dangi kuma akwai nau'o'i masu yawa da suka yi kama da juna a ido, alhali haƙoran da ke cikinsu sun sha bamban. Abin da zan bayyana ya shafi Jetta da Vento ma, domin ƙashin jikinsu ɗaya ne da Golf. Zan fi daɗewa a kan 020, saboda shi ne ya cika garejojinmu, musamman a motocin haya ƙirar Golf 2 da Golf 3 da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan Arewa.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar buroshin ƙarfe, da kananzir ko man gas kaɗan a gwangwani, da tsumma, da tocila mai haske sosai, da alli ko fenti fari, da rula ko tef mai awon milimita, da wayar hannu mai kamara, da takarda da biro. Idan akwatin yana jikin mota, sai ka ƙara da jak, da waigi na tare tayoyi, da abin tokare mota mai ƙarfi. Idan kuma yana ƙasa, ka nemi tsohon faifan kuloci wanda zai shiga shaf ɗinsa, domin da shi za ka riƙa juya shaf ɗin da hannu. Ƙaramin madubi yana taimakawa a wurare masu matsi, amma idan babu, kamarar waya ta wadatar. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyin baya, ka tokare motar da ƙarfen tokara ko kututture mai ƙwari, in kuma garejin yana da rami, ya fi komai sauƙi. Bulo na siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Mataki na 1: Duba takardar bayanin da kamfani ya manna

Buɗe but, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka duba kusa da ramin safaya taya ko jikin bangon baya. A nan kamfani ke manna farar takarda mai ɗauke da lambar jikin mota, da lambar fenti, da wasu haruffa. Nemi layin da aka rubuta MOTORKB. / GETR. KB. a kansa: haruffan farko na injin ne, na biyu kuma na akwatin giya. Kwafin wannan takarda yana cikin littafin sabis na motar, idan har ya biyo ta. Ka rubuta haruffan, amma ka riƙe a ranka cewa takardar tana faɗa maka abin da motar ta fito da shi ne daga masana'anta, ba abin da ke jikinta yau ba. Motar da ta haura shekara 25, ta wuce hannun mutum biyar ko shida, da wuya a ce ba a taɓa sauke mata giya ba. Idan takardar ta goge ko mai fenti ya shafe ta, kada ka damu, ka wuce mataki na gaba.

Mataki na 2: Gane dangin akwatin daga waje

Buɗe bonet ka tsaya ta ɓangaren direba, domin a can akwatin yake, ƙarƙashin batir. Abu biyu za ka bi da ido: hanyar da kuloci ke aiki, da hanyar da sandar giya ke isa ga akwatin.

Idan ka ga wayar kuloci ta sauko ta kama wani dogon hannun ƙarfe wanda tushensa yake can ƙarshen akwatin, nesa da injin, kusa da tayar hagu, kuma a ƙarshen akwai murfi mai da'ira, wanda galibi kore ne a mai giya biyar, to 020 ke gabanka. Dalilin wannan tsari shi ne kulocin 020 a juye yake. Faifan matsi ne ake ɗaure wa a jikin kiranshaf, sannan a ɗaure fulawil a kansa, kuma wani siririn ƙarfe kamar tsinke ne ke ratsa tsakiyar babban shaf daga ƙarshen akwatin har ya tura kulocin. Saboda haka idan akwatin yana ƙasa, ka leƙa cikin ɓangaren nan mai faɗi kamar ƙwarya da ke haɗuwa da injin, wanda zan riƙa kira ƙwaryar kuloci. A 020 ba za ka ga cokalin kuloci ko boris a ciki ba, sai shaf kawai mai rami a tsakiya da kan tsinken yana leƙowa. Canjin giya kuma da sandunan ƙarfe masu kawunan roba ake yinsa, waɗanda suke haɗe da juna a bayan akwatin.

Idan ka ga wayoyi biyu masu kauri sun zo sun kama wata hasumiya a saman akwatin, sannan babu wayar kuloci sai ƙaramar silinda mai bututun man birki da aka ɗaure a kan ƙwaryar kuloci da noti biyu, wannan 02A ne. Ya fara fitowa a Passat ta 1988 da Corrado, kuma a Golf 3 ana samunsa a masu ƙarfi, wato VR6 mai silinda shida, da GTI mai bawul 16, da TDI mai shan man gas. Ka kula cewa bakin 02A na VR6 ba ya hawa injin mai silinda huɗu, ko da yake sunan danginsu ɗaya.

Shi kuwa 084 mai giya huɗu da 085 mai giya biyar na ƙananan injina ne, irin 1.1 da 1.3 na Golf 1, da 1.05 da 1.3 na Golf 2, da 1.4 na Golf 3, kuma su ne a jikin tsofaffin Polo. Kulocinsu irin wanda aka saba ne, hannunsa yana jikin ƙwaryar kuloci kusa da injin, kuma a ciki akwai boris mai turawa. Ramukan notin da ke haɗa su da injin ba su dace da na 020 ba ko kaɗan. A nan ne Golf 3 mai 1.6 ke ruɗa mutane, domin iri biyu ce: akwai mai ƙaramin injin, kamar masu haruffan injin ABU da AEE, wadda ke tafiya da 085, akwai kuma mai babban injin, kamar AFT, wadda ke tafiya da 020. Saboda haka cewa motata 1.6 ce bai isa bayani ba a gaban mai shago.

Domin tabbatarwa, goge jikin akwatin ka nemi dogayen lambobin da aka zuba tare da ƙarfen, masu tudu. Lambobi ukun farko su ne sunan dangin, misali 020 301 ko 02A 301. Idan ka ga 02K ko 02J, to kayan Golf 4 ne aka kawo maka. Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya ɗauki wannan doguwar lamba a matsayin lambar akwatin. Lambar kwanson waje ce kawai, kuma kwanso ɗaya yana iya ɗaukar haƙora iri daban-daban.

Mataki na 3: Giya huɗu ne ko biyar

Kada ka dogara da zanen da ke kan ƙulun sandar giya, domin ana canja shi kamar hula. A 020 mai giya biyar akwai ƙarin gida na alminiyam a ƙarshen akwatin, inda giya ta biyar ke zaune, shi ya sa ya fi mai huɗu tsawo. Idan ka haɗu da tsohuwar mota da aka rubuta E a gurbin 5, giya biyar ce, an dai yi ta biyar ɗin doguwa ne domin tsimin mai.

Mataki na 4: Karanta haruffan da aka buga a jikin akwatin

Wannan shi ne ainihin sunan akwatin. A 020 yana ƙarƙashin ƙwaryar kuloci, a wani ɗan fili da aka goge ya yi sumul, dab da inda akwatin ya haɗu da injin. A 085 da 02A kuwa galibi ta saman ƙwaryar ake samunsa. Jiƙa wurin da kananzir, ka goga da buroshi a hankali, ka share da tsumma. Kada ka sa gurzau ko injin gurza ƙarfe, domin alminiyam yana da laushi kuma bugun ba shi da zurfi. Na ga yaron gareji ya shafe lamba ɗungurungum yana ƙoƙarin fito da ita. Idan rubutun ya dushe, shafa alli a kai ka share saman da yatsa, farin zai zauna cikin ramukan. Haska tocila daga gefe, ba kai tsaye ba, sannan ka ɗauki hoto ka buɗa shi a waya.

Za ka ga haruffa biyu ko uku, sannan lambobi biyar. Misali, idan ka ga 9A 14036, to 9A ne sunan akwatin, sauran kuma ranar da aka ƙera shi ce: 14 ga wata na 03, wato Maris, a shekarar da ta ƙare da 6. Lamba ɗaya tak ake ba shekara, saboda haka haruffan ne za su nuna maka zamanin. Masu haruffa biyu irin FF da FN na ƙarshen shekarun 1970 ne da farkon 1980, masu lamba da harafi irin 4T da 9A galibi na shekarun 1980 ne, masu haruffa uku da suka fara da A sun biyo bayansu, sannan masu farawa da C ko D na zamanin Golf 3 ne. Ke nan 9A ɗin misalinmu na 1986 ne.

Amfanin haruffan shi ne su gaya maka lissafin juyin haƙora. Idan aka ce haƙorin ƙarshe 3.67 ne, ana nufin shaf ɗin da ke fitowa daga giyoyi zai juya sau 3.67 kafin tayoyi su juya sau ɗaya. Yawan adadin yana nufin ƙarfin ja da saurin tashi, amma injin zai riƙa ihu a doguwar hanya. Ƙarancinsa kuma yana nufin sanyin injin da tsimin mai, tare da nauyin tashi idan an yi lodi. Akwatin 9A na GTI mai bawul 8 yana da giya ta biyar 0.89, wato injin zai juya sau 0.89 kafin shaf ɗin da ke fitowa daga giyoyi ya juya sau ɗaya, da haƙorin ƙarshe 3.67, kuma giyoyinsa kusa suke da juna. 2Y na mai bawul 16 yana da 0.91 da 3.67. 4T yana da 0.75 da 3.67, wato doguwar giya ta tafiya. 4S kuma, wanda aka fi samu a masu shan man gas, yana da 0.75 da 3.94. A ganina direban haya da ke dogon zango a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba shi da abin yi da akwatin GTI, ko da an yi masa rangwame, domin abin da ya rage a kasuwa zai biya shi a gidan mai. Wanda kuma ke hawan tudu da kaya, irin hanyoyin Filato, zai fi jin daɗin mai 3.94.

Mataki na 5: Ƙirga haƙoran shaf, ka auna kofunan taya

Ko da lissafin juyi ya yi maka, akwai awo biyu da za su iya hana akwatin hawa motarka. Na farko shi ne haƙoran babban shaf da ke shiga faifan kuloci. A 020 iri biyu ne: siriri mai haƙora 24, wanda ke yawancin injina masu bawul 8 da masu man gas na da, da kuma mai kauri mai haƙora 28, wanda ke mai bawul 16 da 2.0 na Golf 3. Ɗiga fenti a haƙori ɗaya ka fara ƙirga daga nan, kuma ka maimaita sau biyu, domin ido yana ɓata a kan ƙananan haƙora. Mafi sauƙi shi ne ka tafi kasuwa da faifan kulocin motarka ka zura shi a shaf ɗin. Ni kaina, tun ina sabon hannu, na taɓa ɗaga akwati har sau uku ina zargin rashin saiti ne ya hana shi zama, ashe shaf mai 28 nake tura wa faifai mai 24. Idan ka riga ka saya kuma haƙoran ba su dace ba, ba lallai ka mayar da akwatin ba, kana iya sayen faifan da ya dace da shaf ɗin, muddin faɗinsa ya yi daidai da fulawil ɗinka. Kulocin 020 yana zuwa da faɗin milimita 190, da 200, da 210, kuma faifai mai haƙora 28 na 210 ne, saboda haka mai ƙaramin kuloci sai ya canja saitin gaba ɗaya.

Na biyu shi ne kofuna biyu na gefe inda ake ɗaure shaf ɗin tayoyi. Akwai na milimita 90, akwai na 100. Auna faɗin gurbin da kan shaf ɗin ke zama a ciki, sannan ka auna kan shaf ɗin motarka. Notin da ke riƙe su guda shida ne a kowane gefe, masu rami mai kusurwa 12, kuma makullinsu daban ne. Duk wanda ya cusa musu makulli mai kusurwa shida zai cinye kan notin, ya mayar da aikin minti goma na yini guda.

Mataki na 6: Ƙirga juyi da hannunka

Wannan mataki shi ne mai raba gardama, kuma da shi za ka yi aiki idan lambar ta goge, ko kana zargin an taɓa buɗe akwatin an zuba masa kayan cikin wani. Alamar an buɗe ita ce gam mai launi da ya tsattsafo a mahaɗar kwanson, ko kawunan noti da suka sha sifana.

Ajiye akwatin a kan katako, ka zura tsohon faifan kuloci a shaf, ka yi masa alamar alli da wata alamar a jikin ƙwarya. Yi wa kofi ɗaya alama shi ma, ɗaya kofin kuma wani ya riƙe shi gam, ko ka ɗaura masa noti biyu ka tokare da ƙarfe. Shigar da giya ta hanyar turawa ko jawo sandar zaɓen giya da ke jikin akwatin sannan ka murɗa ta. Ba sai ka san wace giya ka shiga ba tun farko, ƙirgar za ta nuna: wadda faifai ya fi yawan juyawa ita ce ta ɗaya, wadda ya fi ƙarancin juyawa ita ce ta ƙarshe, wadda kofi ya koma baya kuma ribas ce.

Ga inda kusan kowa ke kuskure. Idan aka riƙe kofi ɗaya, ɗayan yana juyawa ninki biyu saboda aikin difiranshal, wato haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyi biyu. Don haka za ka ƙirga juyin faifai ne har kofin da ke sake ya cika juyi biyu, ba ɗaya ba. Fara da giya ta ɗaya, domin a akwatunan 020 da na ambata duka 3.45 ce, saboda haka ita za ta tona maka haƙorin ƙarshe. Idan faifai ya juya kusan sau 12 da kashi biyu cikin uku, haƙorin ƙarshe 3.67 ne; idan ya kai wajen 13 da rabi, to 3.94 ne ko 3.89 na tsofaffin FF da FN. Daga nan ka koma giya ta biyar. A nan bambancin ƙarami ne, saboda haka ka bar kofi ya juya sau 20 domin kuskure ya ragu. Faifai zai juya kusan sau 33 a akwatin GTI, kusan 29 da rabi a irin 4S, kusan 27 da rabi a irin 4T. Yayin da kake juyawa ka saurara da kunne da tafin hannu. Juyin ya kamata ya tafi sumul, kuma duk wani ƙaras-ƙaras ko cijewa a wuri ɗaya alamar boris ko haƙori ne da ya ci. Ka kuma duba kwanson a zagayen difiranshal, domin a 020 ƙusoshin da ke riƙe babban haƙori sukan karye su huda kwanso daga ciki. Walda ko liƙin gam a wannan wuri dalili ne na barin akwatin a inda ka gan shi.

Mataki na 7: Idan akwatin yana jikin mota kuma tana tafiya

Ga wanda ba ya son sauke komai, agogon juyin injin zai ba shi amsa. Nemi miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, ka ɗauki wani ya riƙe waya mai nuna gudu ta tauraron ɗan'adam, domin agogon gudun tsohuwar mota ba abin yarda ba ne. Da taya 175/70 R13 ko 185/60 R14, a giya ta biyar kan kilomita 100 a awa, akwatin GTI zai nuna juyi wajen 3,100 a minti, irin 4T kuma wajen 2,600. Idan an sa wa motar tayoyi manya fiye da nata, adadin zai ragu, sai ka yi la'akari da hakan. Motar da ba ta da agogon juyi kuwa, sai a koma ga ƙirgar hannu: a ɗaga tayar gaba ɗaya, a bar ɗayar a ƙasa, a cire fulogi domin injin ya yi sauƙin juyawa, a cire kan batir, a sa giya, a ƙirga juyin fulin kiranshaf a kan juyi biyu na tayar da ke sama.

Mataki na 8: Ƙananan abubuwa kafin ka ɗaura

Ajiye sabon akwatin kusa da tsohon ka gwada ramukan kujerun da ke riƙe shi a jikin mota, musamman idan daga Golf 1 zuwa Golf 2 ne ko akasin haka. Duba makunnin fitilar ribas, domin wasu tsofaffi babba ne mai wayoyi da yawa, na waɗanda suka biyo bayansu kuma ƙarami ne mai baki biyu. Golf 1 da 2 da wayar ƙarfe suke karanta gudu, Golf 3 kuma da na'urar lantarki, amma rami ɗaya suke shiga, sai ka mayar da naka. A ƙasan wayar akwai ɗan haƙorin roba mai launi wanda yawan haƙoransa ke bin haƙorin ƙarshe, kuma idan ka sa wanda bai dace ba agogo zai riƙa yi maka ƙarya. Zare shi a tsaye kuma a hankali, domin idan ya suɓuce ya faɗa ciki, fito da shi babban aiki ne.

Sai batun mai, inda ranar da ka karanta a mataki na 4 za ta yi maka amfani. Akwatin 020 mai giya biyar yana shan lita 2 na man giya 75W-90 mai daraja GL-4, mai giya huɗu kuma lita 1 da rabi, kuma murfin zubawa da na tsiyayewa makulli mai kusurwa shida na milimita 17 ke buɗe su. A akwatunan da aka ƙera kafin Satumban 1987, idan suna jikin Golf 2, ramin zuba mai ya yi ƙasa, saboda akwatin yana ɗan karkace a wannan mota, don haka mai yana fara zubowa tun bai cika ba. Giya ta biyar ce ke fara ƙonewa idan mai ya gaza, alamarta kuma ita ce ta riƙa fita da kanta ana cikin tafiya. A irin wannan akwati ka tsiyaye tsohon mai duka, ka zuba sabo ta ramin gefe har ya fara dawowa, ka rufe, sannan ka ƙarasa ragowar lita biyun, kimanin rabin lita, ta ramin wayar agogon gudu da ƙaramin mazurari.